Suna Linzami: Raɗin Suna da Matsayin Mutum a Ƙasar Kano

Hausawa suna cewa suna linzami ne. Masu kawo wannan magana galibi suna nufin suna yakan ja mai shi zuwa ga halin da ke cikin sunan, don haka ne uba ke wahalar nemar wa ɗansa na ƙwarai. Amma duk wanda ya taɓa hawa doki ya san linzami ba ya aiki sai da hannun da ke riƙe da shi, kuma wannan hannun nake so in bi a wannan maƙala. A ƙasar Kano ta da, in ana son sanin matsayin mutum sai a tambayi abu biyu: wa ya sa masa suna, kuma wa ke da ikon kiran sunan a gabansa. Amsar tambayoyin nan ita ke raba ɗa da bawa, basarake da talaka, babba da yaro. Na tsaya a kan Kano ne domin nan na fi sani, ko da yake yawancin abin da zan faɗa ana samunsa a Katsina da Zazzau da Daura, da 'yan bambance-bambance.

Abin da jerin sarakuna ya nuna

Mafi daɗewar shaidar da ke hannunmu ita ce jerin sunayen sarakuna a littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, shi ne kuma ya lissafa shekarun da ake amfani da su a makarantu. Jerin ya fara da Bagauda a shekarar 999, sai Warisi, Gijimasu, Nawata da Gawata, Yusa, Naguji, Guguwa, Shekarau da Tsamiya. Babu sunan Musulunci ko ɗaya a cikinsu. Shekarau kuwa har gobe ana sa wa yaron da aka ga ya daɗe a ciki ya wuce watannin haihuwa, wato suna ne da ya yi shekara ɗari bakwai a bakin Kanawa.

Sunan Musulunci ya fara bayyana ne da Usumanu Zamnagawa (1343 zuwa 1349), sai Yaji (1349 zuwa 1385) wanda sunansa Ali, a zamaninsa ne kuma littafin ya ce Wangarawa suka iso daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Daga nan sai muka shiga ganin sarakuna da suna biyu-biyu: Abdullahi Burja, Muhammadu Rumfa, Muhammadu Kisoke, Abubakar Kado, Muhammadu Zaki, Muhammadu Nazaki. Na farko shi ne na yanka, na biyu shi ne wanda jama'a ke kira. Mai karatu zai lura cewa na biyun ne ya rayu. Muna cewa Gidan Rumfa, muna cewa Kwalejin Rumfa, ba wanda ke cewa Gidan Muhammadu.

Jihadin da aka fara a 1804 bai kawar da wannan tsari ba. Mahaifiyar sarakunan Kano uku a jere, wato Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello 'ya'yan Ibrahim Dabo, da sunan Shekara tarihi ya san ta. Ashe ko a gidan da ya ɗauki tuta, sunan Hausa bai rasa mazauni ba.

Ragon suna

Asalin bikin suna kamar yadda muka san shi daga fiƙihun Malikiyya yake. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin a zaure ya san hukuncin: ana yanka dabba ɗaya ranar bakwai, ba a lissafa ranar haihuwa in an haihu bayan ketowar alfijir, ana aske gashin jariri a yi sadaka da nauyinsa na zinariya ko azurfa. Wannan lissafi ne ya sa wanda aka haifa ran Talata da hantsi ake sunansa wata Talatar. Tun kafin ranar, uba ko wani malami ya riga ya yi wa jariri huɗuba, ya raɗa masa sunan a kunne. Ranar suna da sassafe maza su taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da sunan har mata su ji a cikin gida su rangaɗa guɗa. Wanzami ya yi aski, ya cire beli, in gidan masu tsaga ne ya yi tsagar gidan. Ungozoma da wanzami da dangin uwa da na uba kowa da kasonsa a naman.

Abin lura a nan shi ne aikin da ragon yake yi. Mutumin da ya sayi rago ya tara jama'a, ya shaida ke nan a gaban unguwa cewa yaron nan nasa ne, zai ci gadonsa, za a kira shi ɗan wane. Shi ya sa ake ce wa suna na haƙiƙa sunan yanka. Shi ya sa kuma babu zagin da ya kai a ce wa mutum ba shi da ragon suna, domin an taɓa asalinsa ke nan. In Bahaushe ya so yin rantsuwa mai nauyi sai ka ji ya ce in bai aikata abu kaza ba a sake masa suna, wato ya sa abin da ubansa ya tabbatar masa a caca.

Sunan yanka kansa yakan nuna gidan da yaro ya fito. In ka ji gida da Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu har zuwa Ashiru, to galibi gidan malamai ne, duk 'ya'yan Muhammadu ne aka bi su da lissafin Larabci. Jilani da Abdulƙadir sun fi yawa a gidajen Ƙadirawa, Tijjani da Inyasi da Barhama a gidajen Tijjanawa. Dikko da Sambo kuwa lissafin Fulani ne na ɗan fari da mai bi masa. Al'ada ta tanadar wa tagwaye Hasan da Husaini, ko Hasana da Husaina, amma malami yakan iya kauce mata. Nana Asma'u 'yar Shehu tagwaye ce, ɗan'uwan haihuwarta Hasan, Shehu kuwa ya zaɓa mata Asma'u.

Bayan sunan yanka sai laƙabi, wanda mata ne suka fi sa shi, musamman kakanni. Wasu na rana ne: Ɗanladi da Ladi, Tanimu da Altine, Ɗantala da Talatu, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin sunayen kafin Musulunci, alhali sunayen ranakun kansu daga Larabci aka aro su. Waɗanda suka fi tsufa su ne na yanayi: Nomau da Shukau na damina, Tanko namijin da ya biyo mata, Kande ko Delu macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Audi wanda aka haifa bayan rasuwar uba, Cindo mai yatsa shida, Auta na ƙarshe.

Sunan da ba a faɗa

Wanda bai tashi a cikinmu ba yakan yi mamaki in ya ga duk wahalar da aka sha a kan sunan yanka, sa'an nan a koma a ɓoye shi. Uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Mace ba ta faɗar sunan mijinta, sai dai ta ce Malam ko maigida, ko kuwa "shi". Suruka ba ta faɗar sunan iyayen miji, har in wani yaron maƙwabta yana da irin sunan sai ta nemo masa wani. Daga nan ne aka sami Abba da Baba da Baffa ga wanda aka sa wa sunan kakansa, da Ummi da Mama da Uwani da Iya ga wadda ta ci sunan kakarta. Kaka ita kuwa, da yake akwai wasa tsakaninta da jika, sai ta kira namiji Maigida, ta kira mace kishiya.

Girmama masu sunan na asali ya ƙara wani rukuni. Uwa ba za ta so ta tsawata wa yaro da sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, sai aka sami Mamman da Inuwa. Abubakar ya zama Garba ko Sadiƙu, Umaru ya zama Sanda ko Faruƙu, Musa ya zama Kallamu, Yusufu ya zama Maitama, Hauwa ta zama Kulu ko Maijidda, A'isha ta zama Indo. Bayan jihadi sai kusan duk Usman ya koma Shehu, saboda nauyin sunan Mujaddadi. Marigayi Ɗanmasanin Kano, sunansa Yusufu, amma da Maitama Sule duniya ta san shi.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce, suna daga sama yake gangarowa. Babba yana kiran yaro da sunansa tsirara, yaro ba ya mayarwa. Iyakar girman mutum, iyakar ƙarancin masu iya faɗar sunansa. Ranar da aka naɗa wa mutum rawani, sunansa ya shige ke nan, ya zama Madaki ko Makama ko Galadima, har a bakin ƙannensa. Shehu Usmanu ya soki irin waɗannan sunaye na sarautun Haɓe a Kitabul Farƙi, amma da Ibrahim Dabo ya hau a 1819 ya tarar da ƙasa a hargitse, sai ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya dawo da su. Sarki kuwa ko bayan ransa ana kewaya sunan. Wanda ya rasu a wani wuri sai a ce Maje wuri kaza: Usman Maje Ringim, Abdullahi Maje Karofi, Abbas Maje Nasarawa. Wannan ladabi biyu ne a haɗe, ba a ce ya mutu ba, kuma ana iya faɗar laƙabin kaɗai kowa ya gane.

Sunayen bayi

A nan ne maganar linzami ta fi fitowa fili. Mutumin da aka kamo a yaƙi ko aka saya a kasuwa yana da sunan da uwarsa ta sa masa a harshensu. Abu na farko da ubangijinsa zai yi shi ne ya ajiye wancan sunan ya sa masa wani. Ba a yanka rago, ba a raba goro, ba a ce ɗan wane. Sunayen da ake sa wa irin waɗannan bayi sanannu ne: Nasamu, Nagode, Barka, Arziki, Alheri, Dangana, Allah-bar-Sarki.

Sunaye ne masu daɗi a kunne, har wani zai ce ai alheri aka yi musu. Amma a tambaya, wa ke magana a cikin sunan? Wanda ya ce "na samu" ubangijin ne, abin da ya samu kuwa shi ne mutumin da ke tsaye a gabansa. Wanda ya ce "na gode" shi ne wanda dukiyarsa ta ƙaru. Allah-bar-Sarki addu'a ce ga sarki, duk sa'ad da aka kira bawan an yi wa sarki addu'a ke nan. Sunan ɗa yana ba da labarin ranar haihuwarsa ko kakansa ko halin da gidansu ke ciki. Sunan bawa labarin ubangijinsa yake bayarwa. Tremearne, wanda ya wallafa littafinsa kan al'adun Hausawa a 1913, ya kawo wani nau'i da ya fi wannan ma, inda ake raba sunan gida biyu, ubangiji ya faɗi rabi, bawa ya amsa da sauran. A kira shi Kullum-safiya, ya amsa da cewa yana godiya. Ko amsa kira ma an riga an tsara masa abin da zai ce.

'Ya'yan da bayi suka haifa a gidan ubangijinsu matsayinsu dabam ne. A Kano ana ce musu cucanawa, a Zazzau dimajai. Su ana yi musu suna ran bakwai, a sa musu sunan Musulunci, amma ubangijin ne ke ba da ragon, ba uban da ya haifa ba. Idan aka tuna da abin da muka faɗa game da aikin rago, za a gane abin da wannan ke nufi: wanda ya yanka shi ne ya shaida wa jama'a cewa yaron nasa ne. A gidan sarautar Kano akwai kuma tsagar uku-uku a gefen baki, wadda ake gane bayin sarki da ita. Haka nan in aka 'yanta bawa, ko ya fanshi kansa ta hanyar murgu, akan tara malamai a yi addu'a a sa masa sabon suna, tamkar ranar aka haife shi.

Jerin manyan bayin sarki ya nuna wannan sauyi daga na farko zuwa cucanawa. A zamanin Dabo, Ɗan Rimi sunansa Barka, Shamaki kuwa Nasamu. Zuwa lokacin Basasar da ta ɓarke a 1893 sai mu tarar da sunaye irin su Ɗan Rimi Nuhu da Shamaki Harisu. Mutanen nan ba ƙananan mutane ba ne. Su ke riƙe da barga da bindigogi da gandayen sarki, ta hannunsu hakimi ke ganin sarki. Sallama Jatau yana cikin waɗanda suka tsaya suka mutu a birni ranar da Turawa suka shigo a Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Ɗan tarihin nan Sean Stilwell ya yi littafi sukutum a kansu a 2004.

Labarin da ya fi ba ni mamaki a cikinsu shi ne na Ɗan Rimi Allah-bar-Sarki. A 1908 Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya sami saɓani da Sarki Abbas, sai ya ɗauki sarautar Waziri ya ba Allah-bar-Sarki. Mutumin da sunansa addu'a ce ta ɗorewar sarki, shi aka ɗora don a rage ikon sarkin. Sarautar ba ta daɗe a hannunsa ba, a 1909 aka naɗa Malam Gidado. Amma a ɗan wannan lokaci, manyan 'ya'yan sarauta sun faɗi gaisuwa gaban mutumin da sunansa kaɗai ya isa ya gaya wa kowa asalinsa. Rawani ne ya rufe sunan, kamar yadda yake rufe na kowa, domin ba mai iya kiransa sai da Waziri.

Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne, dokar 1936 kuma ta soke bauta ɗungurum a Arewa. Tsakanin nan, a 1926, farkon sarautar Abdullahi Bayero, aka karɓe ikon mulki daga hannun manyan bayin sarki. Sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna nan a fada da martabarsu. Sunayen irin su Nasamu kuwa sun ɓace cikin tsara ɗaya ko biyu, domin babu uban da ya sami ikon yanka wa ɗansa rago da zai zaɓa masa sunan da aka ɗora wa kakansa.

Kada a ɗauka suna daga ɓangaren bayi kullum ƙasa yake ja. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma, laƙabinsa daga Tata ya samo shi, wata tsohuwar baiwa da ta rene shi a Bebeji. Yau sunan wannan baiwar Allah yana kan kamfanoni da tituna.

Sarki mai suna Bawa

Wani zai tambaya, in haka ne, yaya aka yi Kano ta yi sarki mai suna Bawa (1660 zuwa 1670), Gobir kuma ta yi Bawa Jangwarzo, wanda Shehu ya yi wa wa'azi? Amsa ta farko ita ce Bawa fassarar Abdu ce, don haka laƙabi ne na Abdullahi. Amsa ta biyu tana wajen mata masu wabi, wato waɗanda 'ya'yansu ke mutuwa suna ƙanana, ɗaya bayan ɗaya.

Irin wannan uwa takan ƙasƙantar da jaririnta da gangan. Ta kira shi Bawa, ko Ajuji, ko Ajefas, ko Ayashe, don a nuna ba a damu da shi ba, ko abin da ke ɗauke mata 'ya'ya ya raina shi ya wuce. Wata kuma roƙo take yi a fili: Abarshi, Abarta, Barmini. Malamai sun daɗe suna sukar aƙidar da ke bayan wannan, kuma da gaskiyarsu, rai da ajali na Allah ne. Amma ta fuskar tarihi sunan yana koya mana abu guda: mutanen da sun san sarai cewa suna yana ɗaga mutum yana kuma sauke shi, har suna ganin za a iya sa wa ɗan gata rigar bawa a ɓoye shi. Wanda ake kira Ajuji galibi shi ne ɗan lelen gidansu.

Ina roƙon malaman makaranta su riƙe wannan. Na sha ganin an shafe irin wannan suna a rajista an rubuta wani, wai don kada yara su yi wa mai shi dariya. Gara a bar sunan a yi wa ajin bayaninsa, domin akwai kaburbura uku ko huɗu na yayyensa a bayan sunan nan.

Maguzawa

Hausawan da suka tsaya a kan addinin gargajiya su ne suka fi riƙe tsofaffin sunaye. Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, littafinsa ya fito a 1946, kuma babban abin da ya nuna shi ne yadda Musulunci ya riga ya ratsa al'adunsu ko da ba su yi salla ba. Ni ma abin da na gani ke nan lokacin aikin ƙidayar 1991 a ƙauyukan kudancin Kano. A gida ɗaya sai ka rubuta Nomau da Tanko da Ranau, ka kuma rubuta Audu da Musa. Abin da ya bambanta su da maƙwabtansu Musulmi shi ne wane suna ne ke gaba. A wajen Musulmi sunan Hausa laƙabi ne da ke rufe na yanka, a wajensu kuwa sau da yawa shi ne sunan. Girma a cikinsu kuma da noma ake samunsa, wanda ya tara dami dubu ya zama Sarkin Noma, daga ranar sunansa ya shige kamar na kowane mai sarauta.

Wanda ya musulunta a cikinsu, sake suna ne alamar farko da jama'a ke gani. Waɗanda suka shiga Kiristanci kuma suka ɗauki sunayen da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala fassararsa a 1932: Bitrus, Bulus, Yohanna, Ishaya, Saratu, Rifkatu. Su ne kuma a yau suka fi sa wa 'ya'yansu Alheri da Godiya da Nagode. Kalmomin dai su ne na da, amma yanzu uba ne ke faɗarsu a kan ɗan da ya haifa, don haka ba wanda ke jin wani nauyi a kansu.

Rajistar makaranta

Makarantar boko ce ta kawo babban sauyi na ƙarshe. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, daga baya aka buɗe Kwalejin Katsina. Rajista tana neman suna biyu, yaron Hausa kuwa ba ya iya buɗe baki ya faɗi sunan ubansa a gaban mutane, balle a riƙa kiran sunan kowace safiya a fili. Mafita ita ce sunan gari. Ta haka aka sami Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Isa Kaita, Yahaya Gusau, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna kansa da Ahmadu Raɓa aka san shi kafin ya koma amfani da sunan kakan mahaifinsa Bello.

A ganina wannan dabara ta yi wani aiki da ba a nufe ta da shi ba. Sunan gari ba ya faɗar ko ɗan wane ne kai. Ɗan hakimi da ɗan maƙeri da jikan bacucane, in daga gari ɗaya suka fito, suna ɗaya suke ɗauka a takarda. A shekarun da na yi ina aiki da fayilolin ma'aikata na ga amfanin wannan, domin mutane da yawa sun hau manyan kujeru ba tare da takardarsu ta tona abin da tsofaffin garinsu suka sani ba. Ya rage ga mai neman aure ya je ya yi bincike, kuma har yanzu ana yi.

Da tsofaffin alamomi suka dushe sai sababbi suka maye gurbinsu a gaban suna. Alhaji a da laƙabi ne na yaron da aka haifa lokacin aikin hajji, ko kuwa na mutumin da ya yi shekaru a hanyar Makka ta Sudan ya dawo da rai. Da jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, sai ya zama shaidar wadata. Bayansa Dakta da Farfesa da Injiniya da Barista suka biyo, aikinsu kuwa shi ne na rawanin da, su hana a kira mutum da sunansa tsirara.

Katin ɗan ƙasa da lambar banki sun zo da nasu sharaɗin, suna ɗaya tak a kowace takarda, harafi bai saɓa wa harafi ba. Mutumin da liman ya sa wa Abubakar, kakarsa ta kira shi Maigida, aka rubuta shi Garba a firamare, aka ɗauke shi aiki da sunan garinsu, yanzu sai ya je kotu ya yi rantsuwa cewa duk shi ne kafin a biya shi fansho. Na raka abokan aiki fiye da ɗaya yin wannan rantsuwa, kuma a kowane karo sunan da aka zaɓa aka tabbatar shi ne na yanka, haɗe da na mahaifi, wanda da can kunya ta hana su faɗa a gaban malamin aji.